BUƊE WURAREN IBADA BAYAN KULLEN ANNOBA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU, DA MISALIN 'YAN KATOLIKA NA ƘASAR WUDIL

1. Dalilin wannan takarda

An shirya wannan takarda ne domin hakimai, da dagatai, da malaman da ke riƙe musu littattafai. Nufinta shi ne ta bayyana abin da ya faru a shekarar 1918 da kuma shekarar 2020, sa'ad da annoba ta ratsa ƙasar nan, da yadda aka rufe masallatai da majami'u a karo na biyun, da yadda aka sake buɗe su. Sha'anin masallaci sananne ne ga yawancin hakiman ƙasar Kano, ba ya bukatar dogon bayani. Amma sha'anin majami'a, musamman ta 'yan Katolika, ba kowa ya san tsarinsa ba, ga shi kuwa mutanenta suna zaune cikin gundumomi da yawa, suna biyan haraji, suna kuma ƙarƙashin kulawar hakimi kamar sauran talakawansa. Shugaba ba ya iya yi wa mutum adalci sai ya san abin da ke damunsa. Saboda haka aka ɗauki ƙasar Wudil ta zama misali.

2. Wudil garin mahaɗa ne

Wudil tana gabas maso kudu da birnin Kano, tafiyar kamar mil 25, a bakin kogin da ke gangarawa Haɗeja. Babbar hanyar mota da ta tashi daga Kano zuwa Maiduguri ta bi ta kan gadarta. Kowace Juma'a kasuwarta tana ci, karar shanunta kuwa tana cikin manya na ƙasar Hausa, fatake suna zuwa daga nesa su yi lodi zuwa Kudu. Ƙidayar shekarar 2006 ta sami mutum fiye da 185,000 cikin ƙaramar hukumar. Har wa yau akwai Makarantar Horon Manyan 'Yan Sanda ta Nijeriya, wadda ke ɗaukar ɗalibai daga kowace jiha, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kano wadda aka buɗe a shekarar 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a shekarar 2022.

Abin lura a nan iri biyu ne. Na ɗaya, garin da hanya da kasuwa suka haɗu a cikinsa, cuta ba ta wuyar shigarsa, ba ta kuma wuyar fita daga cikinsa zuwa ƙauyuka. Na biyu, irin wannan gari ba ya rasa baƙi. Mafi yawan mutanen Wudil Musulmi ne, amma a cikin 'yan kasuwa, da ma'aikata, da 'yan sanda, da ɗalibai akwai Kirista, a cikinsu kuma akwai 'yan Katolika. Ban da baƙi, a waɗansu ƙauyukan kudancin Kano, kamar na ƙasar Sumaila da ta Rogo, akwai Hausawa 'yan ƙasa, jikokin Maguzawa, waɗanda suka shiga addinin Kirista, suna sujadarsu da Hausa.

3. Yadda annoba ta zo

Tsofaffin ƙasar nan sun bar labarin marisuwa, watau murar da ta game duniya a shekarar 1918. Jirgin ruwa ya kawo ta Ikko cikin watan Satumba, jirgin ƙasa kuma ya hau da ita Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kamar mutum 500,000 a Nijeriya, alhali jama'ar ƙasar duka a lokacin ba su wuce miliyan 18 ba. A shekarar 1996 kuma sanƙarau ya yi ɓarna mai yawa a Arewa, har hukumar Makka ta hana alhazan Nijeriya zuwa aikin Hajji a wannan shekara.

Cutar korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen shekarar 2019. Cuta ce ta numfashi, tana bin tari, da atishawa, da magana, da waƙa, ta fi kuma kama mutane inda suka cunkushe cikin ɗaki marar iska. Wani yana ɗauke da ita bai sani ba, ya ba wani. Ta fi tsanani ga tsofaffi da masu ciwon sukari, ko hawan jini, ko ciwon huhu. An sami mutum na farko mai ita a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020. Ran 30 ga Maris Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa aka kulle Ikko, da Ogun, da Abuja. Cikin watan nan kuma aka rufe makarantu, ɗalibai suka koma garuruwansu.

A Kano an tabbatar da mai cutar na farko ran 11 ga Afril. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya ba da oda a kulle jihar daga daren 16 ga Afril, aka hana kasuwa, da taron biki, da sallar jam'i, da sujadar Lahadi. Cikin makonnin nan aka yi ta mutuwa a birni fiye da yadda aka saba, manyan malamai da dattawa da yawa suka rasu. Ran 27 ga Afril Shugaban Ƙasa ya ƙara wa Kano kulle na mako biyu. Daga baya, cikin watan Yuni, Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ba da labarin binciken da aka yi, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka mutu cikin ƙananan hukumomi 8 na birni, kuma ana zaton kashi 50 zuwa 60 cikin 100 korona ce sanadinsu.

Kullen ya faɗa a kan lokaci mai girma ga addinan nan biyu. Azumin Ramadan ya kama ran 24 ga Afril, aka yi shi ba tafsiri a masallatai, ba tarawihi cikin jam'i. Idin Ista na Kirista ya kasance ran 12 ga Afril, kwana huɗu kafin kulle, kwanaki 50 na murna da ke biye da shi kuwa yawancinsu a gida aka yi su. Ba a nan kaɗai aka yi haka ba. A ƙasar Makka an dakatar da Umra, aka rufe masallatai, aikin Hajjin shekarar kuma 'yan mutane kaɗan mazauna ƙasar ne suka yi shi. A Rum, ran 27 ga Maris, Fafaroma Francis ya tsaya ya yi addu'a cikin ruwan sama a dandalin da ya saba cika da dubban mutane, ba kowa a ciki.

4. Tsarin 'yan Katolika

Hakimi ba zai sha wuyar gane tsarin Katolika ba, gama ya yi kama da na sarauta. Fafaroma yana Rum, shi ne shugabansu na duniya duka. An raba ƙasashe yanki-yanki, kowane yanki ana ce da shi dayosis, Bishop ke riƙe da shi kamar yadda sarki ke riƙe da masarauta. An raba dayosis zuwa gundumomi da ake kira farish, kowace da limaminta wanda ake ce wa Fada. A ƙarƙashin farish akwai ƙananan majami'u na ƙauye, inda Fada ba ya zama sai ya zo rangadi. Mai kula da irin waɗannan shi ne katikis, watau malamin koyar da addini, matsayinsa kamar na dagaci ne ga hakimi.

'Yan Katolika na Wudil suna ƙarƙashin Dayosis na Kano, wanda ya haɗa Jihar Kano da Jihar Jigawa. Dā yankin yana ƙarƙashin Kaduna. A shekarar 1991 aka ware shi, a shekarar 1999 ya zama cikakken dayosis, Bishop na farko kuwa shi ne Patrick Sheehan, mutumin Ailan, wanda dā ya riƙe Yola. A shekarar 2008 Bishop John Namaza Niyiring ya gaje shi, shi ne kuma ke riƙe da dayosis ɗin sa'ad da annoba ta zo. Babbar majami'arsu tana cikin birnin Kano, ana kiranta da sunan Fatima. Matan zuhudu na ƙungiyar St Louis sun zo Kano tun shekarar 1948, makarantarsu ta 'yan mata kuma sananniya ce ga mutanen Kano, Musulmi da Kirista.

Amfanin sanin wannan tsari shi ne, Fada ba shi da ikon rufe majami'a ko buɗe ta don ra'ayin kansa. Ko da Gwamnati ta ba da izini, sai ya jira umurnin Bishop. In hakimi ya ga wata majami'a ta buɗe, ta Katolika kuwa tana rufe, ko kuwa akasin haka, kada ya ɗauka taurin kai ne. Kirista ƙungiya-ƙungiya ne, kowace da shugabanninta, ko da yake suna da haɗaɗɗiyar ƙungiya da ake kira CAN wadda ke magana da Gwamnati a madadinsu.

5. Abin da ya sa kulle ya yi musu nauyi

Mai yiwuwa wani ya ce, me zai hana su yi addu'arsu a gida? Suna yi. Amma akwai ibadun da a addininsu ba su yiwuwa sai da Fada, kuma sai an haɗu jiki da jiki.

Babbar sujadarsu ana kiranta Mas. A cikinta Fada ke keɓe gurasa da ruwan inabi, jama'a su matso ɗaya bayan ɗaya su karɓa, wannan shi ne Jibi Mai Tsarki. Ba wanda ke da ikon keɓe su sai Fada ko Bishop, katikis ba shi da wannan iko. Halartar Mas ran Lahadi wajibi ne a kan kowane baligi mai lafiya, sai fa da uzuri mai ƙarfi, ko kuwa Bishop ya ɗauke wajabcin, kamar yadda Bishop-Bishop da yawa suka yi a duniya cikin shekarar 2020. An riƙa watsa Mas ta rediyo, da talabijin, da wayar hannu, amma mai saurare ba ya samun Jibi ta waya. Haka nan furta zunubi, dole ne mutum ya je gaban Fada da kansa, ba a karɓarsa ta waya ko ta wasiƙa. In kuwa mutum yana bakin mutuwa, iyalinsa sukan kira Fada ya zo ya shafa masa mai, ya yi masa addu'a. Dattijon da ya mutu cikin kulle ba tare da wannan ba, baƙin cikin iyalinsa ya yi kusa da na Musulmin da aka binne mahaifinsa ba a sami jama'ar da za ta sallace shi ba.

Sa'an nan farish ba wurin sujada kaɗai ba ne. Ga baƙon da ya bar danginsa a Anaca ko Makurɗi, farish shi ne danginsa. Akwai ƙungiyar maza, da ta samari, da ta mawaƙa, da Zumuntar Mata Katolika, wadda matan Arewa ke taruwa cikinta su yi waƙa da Hausa, su gai da marasa lafiya, su taimaki mai haihuwa da wadda mijinta ya mutu. Akwai kuma ƙungiyar Vincent de Paul, aikinta tara sadaka ta raba wa matalauta. Dukan waɗannan ran Lahadi suke haɗuwa, ran Lahadi kuma suke tara kuɗi. Fada ba ya aure, ba shi da albashin Gwamnati, abincinsa, da man motarsa na rangadi, da ɗan abin da ake ba katikis, daga baikon jama'a suke fitowa. Da aka rufe ƙofa sai baiko ya tsaya, daidai lokacin da mabukata suka ƙaru, gama mai shago da ɗan ƙwadago duka suna zaune a gida. Baftismar jarirai da ɗaurin aure kuma aka yi ta ɗage su.

6. Yadda aka buɗe

Ba rana ɗaya aka buɗe ba, sannu-sannu aka bi. Da farkon watan Mayu Gwamnatin Kano ta ba da 'yan sa'o'i ran Litinin da ran Alhamis domin mutane su sayi abinci. Ran 18 ga Mayu ta ba da izinin sallar Juma'a da ta Idi, aka mai da ranakun fita Lahadi, da Laraba, da Juma'a. Haɗa Juma'a da Lahadi cikin ranakun nan ya taɓa ranar ibadar kowane ɓangare. Waɗansu manyan malamai na Kano ba su goyi bayan wannan izini ba, suna ganin an yi sauri. Aka yi ƙaramar Salla ran 24 ga Mayu, ba hawan daba.

Ran 1 ga Yuni kwamitin da Shugaban Ƙasa ya naɗa domin annobar, wanda Boss Mustapha ke shugabanta, Dokta Sani Aliyu kuma ke gudanar da aikinsa, ya sassauta hanin taron ibada a ƙasa duka, ya bar wa kowace jiha ta tsara nata. Manyan sharuɗɗan da ya gindaya su ne:

(a) Kowa ya sa takunkumi ya rufe hanci da baki.
(b) A ajiye ruwa da sabulu, ko man tsabtace hannu, a kowace ƙofa.
(c) A bar tazarar kamar ƙafa 6 tsakanin mutum da mutum.
(d) Kada sujada ta wuce sa'a ɗaya, a kuma bar ɗan lokaci tsakanin wata da wata domin a share, a goge kujeru.
(e) Ban da musafaha, ban da runguma.
(f) A buɗe tagogi iska ta riƙa ratsawa.
(g) Tsofaffi da masu ciwon da ya daɗe a jiki su yi ibadarsu a gida.
(h) Makarantun Islamiyya da na Lahadi su dakata tukuna.

Ran 2 ga Yuli aka ɗage kullen Kano gaba ɗaya. Da cutar ta sake tasowa a ƙarshen shekara, sai Shugaban Ƙasa ya sa hannu a wata doka cikin Janairu 2021, wadda ta ce kada taron ibada cikin gini ya wuce rabin abin da ginin ke ɗauka.

Ga misalin yadda lissafin yake. A ce majami'a tana ɗaukar mutum 300. Rabinta 150 ke nan, sai a yi Mas biyu maimakon ɗaya. In an bi tazarar ƙafa 6 sosai, watakila ba za ta ɗauki ko 100 ba, sai a yi uku. Mas uku da hutu biyu na rabin sa'a a tsakani sa'a huɗu ne. Fada ɗaya wanda ya fara da ƙarfe 6 na safe ba zai gama ba sai ƙarfe 10, ga shi kuma yana da ƙauyuka suna jiransa. Wannan shi ya sa hakimi zai ga mutane suna shiga suna fita tun asuba har hantsi. Ba taro aka ƙara ba, raba shi aka yi.

7. Abin da suka canja cikin sujada

Kamar yadda Musulmi suka riƙa yin alwala a gida, kowa ya zo da dardumarsa, haka 'yan Katolika suka canja waɗansu al'adunsu. A tsakiyar Mas sun saba ba juna hannu, alamar salama, sai aka mai da shi sunkuyawa. Sun saba karɓar Jibi a kan harshe, sai aka koma ba da shi a tafin hannu. A bakin ƙofa akwai ɗan kasko na ruwan albarka da kowa ke tsoma yatsa, sai aka zubar da ruwan aka bar shi busasshe. Ba sabon abu ba ne gare su, gama a Ikko sun yi irin haka a shekarar 2014 sa'ad da cutar Ebola ta shigo. A farkon azuminsu na kwana 40 akwai ranar da ake kira Larabar Toka, Fada yakan shafa wa kowa toka a goshi. A shekarar 2021 umurni ya zo daga Rum cewa a barbaɗa tokar a ka, kada a taɓa kowa.

Abin da ya fi wuya shi ne komo da mutane. Wanda ya yi watanni yana sauraron sujada a rediyo, ƙafarsa takan yi nauyi. Har ofishin Fafaroma mai kula da sha'anin sujada ya rubuta wa Bishop-Bishop wasiƙa cikin Agusta 2020, yana tuna musu cewa kallo daga nesa ba ya maye gurbin halarta, a komo da zarar hali ya yi.

8. Abin da doka ta ce

Tsarin Mulkin Nijeriya na shekarar 1999, sashi na 38, ya ba kowane mutum 'yancin addininsa, da yin ibada shi kaɗai ko cikin jama'a. Sashi na 45 kuma ya yarda a taƙaita wannan 'yanci da doka, in domin lafiyar jama'a ne ko zaman lafiyarsu. Dokar da aka dogara a kanta a shekarar 2020 tsohuwa ce, watau Dokar Killace Masu Cuta ta shekarar 1926. Daga nan abu biyu suka fito. Na farko, rufe wurin ibada ba ikon hakimi ba ne, ba kuma na dagaci ba, sai da odar Gwamnati. Na biyu, odar da aka yi domin cuta, ƙwayar cuta take nufi, ba addini ba, saboda haka ma'auninta ɗaya ne ga masallaci da majami'a. In aka buɗe ɗaya aka bar ɗaya a rufe ba dalili, ko aka kama mai laifi a nan aka kau da kai a can, an tsaga bango ke nan, ƙadangare kuwa ba ya rasa shiga.

Ƙasar Kano ta san tsadar wannan. Ta ga tarzomar Oktoba 1991 da ta Mayu 2004. A shekarar 2014 an jefa bam a majami'ar Katolika ta St Charles a Sabon Gari cikin watan Yuli, cikin Nuwamba kuma aka kai hari babban Masallacin Juma'a na birni. Duka ɓangarorin sun binne mutanensu. Lokacin annoba lokacin tsoro ne da yunwa, ƙaramar jita-jita tana iya zama gobara.

9. Aikin hakimi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar ran 5 ga Mayu 2023 cewa korona ta daina zama abin gaggawa na duniya. Lissafin hukuma ya nuna ta kama mutum wajen 267,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,100, ban da waɗanda ba a gwada ba. Dokokin kulle duka an janye su. Amma wanda ya dubi 1918, da 1996, da 2014, da 2020, ya san wata tana iya zuwa. Rigakafi ya fi magani. Ga abin da ya kamata hakimi ya yi.

Tun ana zaman lafiya ya san kowane wurin ibada da ke ƙasarsa, da mai riƙe da shi. Ya san Fada, da fasto, da katikis da fuska, kamar yadda ya san limamansa. Ranar wuya ba ranar fara sanayya ba ce.

In oda ta zo, ya tara limamai da shugabannin Kirista a zama ɗaya, a karanta musu takarda ɗaya, da ma'aikacin lafiya a wurin domin amsa tambaya. Abin da aka faɗa a gaban kowa, ba mai juya shi a bayan fage.

Ya tuna cewa Fada yana jiran umurnin Bishop, ya ba shi lokacin da zai aika Kano ya ji.

Ya roƙa wa shugabannin addini takardar izinin wucewa, domin liman ya sami zuwa jana'iza, Fada kuma ya sami zuwa wurin mai bakin mutuwa, bisa sharuɗɗan likita.

In abincin taimako ya zo, a raba shi bisa bukata. Baƙo ba shi da gona, ba shi da rumbu, sau da yawa kuma sunansa ba ya cikin lissafin mai unguwa. Katikis da shugabar Zumuntar Mata sun san gidajen da ba a ɗora tukunya ba, a tambaye su.

Ya kula da ranar kasuwa. Banza ne a tsananta wa masallaci da majami'a, a bar kara ta cika maƙil ran Juma'a ba ruwa ba sabulu. Talakawa suna gani, in kuwa suka ga doka ta bar wani ta kama wani, sai su raina ta duka.

Ya kashe jita-jita tun tana ƙarama. Mutanen Kano sun tuna yadda aka dakatar da allurar shan inna a shekarar 2003 saboda zato, cutar ta yaɗu har ƙasashen waje, da yadda sarakuna da hakimai suka sa hannu daga baya, har aka tabbatar ran 25 ga Agusta 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Maganar hakimi tana isa inda motar shela ba ta isa.

10. Aikin malamin hakimi

Sa'ad da aka tashi binciken mace-macen Kano na Afril 2020, sai da aka bi maƙabartu da gidaje ana tambayar masu haƙa kabari da iyalan mamata, domin yawancin mutuwar ba a rubuce take ba. Wannan darasi ne ga kowane malamin hakimi. Ya kamata ya riƙe littafi mai nuna sunan kowane masallacin Juma'a da kowace majami'a, da unguwar da take, da yawan mutanen da take ɗauka, da ranakun taronta. Ya riƙe wani na mutuwa, dagatai su riƙa aiko masa kowane mako da sunan mamaci, da shekarunsa, da irin ciwon da ya yi. In lissafin wani mako ya ninka na kullum, ya sanar da hakimi da ma'aikacin lafiya a ranar, kada ya jira ƙarshen wata.

A nan 'yan Katolika suna iya taimakonsa, gama dokar addininsu ta wajabta wa kowace farish ta riƙe littafin baftisma, da na aure, da na mutuwa. Littattafan nan nasu ne, ba a karɓe su da ƙarfi, amma in an nemi adadi cikin ladabi, ba safai akan hana ba. Kowace oda kuma da ta zo, malami ya rubuta ranar zuwanta, da wanda ya aiko ta, da ranar da aka janye ta, ya aika wa liman da Fada kwafi iri ɗaya. Oda da yawa sukan ci gaba da wahalar da mutane bayan an soke su, don kawai ba wanda ya kai labarin sokewar ƙauye.

11. Ƙarshe

Rufe ƙofar wurin ibada aikin dare ɗaya ne, buɗe ta kuwa cikin lafiya da yardar juna aikin watanni ne. Masallatai da majami'un ƙasar Kano sun rufe tare a watan Afril 2020, suka kuma komo cikin makonni ɗaya, bisa sharaɗi ɗaya. Hakimin da ya san mutanensa duka, ɗan gari da baƙo, ya auna musu da mudu ɗaya, malaminsa kuma ya riƙe littafi na gaskiya, ya yi rabin shirin annobar da ba ta zo ba tukuna.

Allah ya kiyaye ƙasa daga annoba, ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya zaunar da jama'a lafiya. Amin.